SUBHANALLAHI A KAN FIM ƊIN ELIYEN: KALLON KITSE MUKE YI WA ROGO

Jama'a ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan. Wanda ba shi da lokaci ya ajiye sai bayan Isha'i, amma don Allah kada kowa ya yi mini raddi kafin ya kai ƙarshe.

Akwai wani guntun bidiyo da yake ta shigo mini ta WhatsApp, daga zauren abokan aiki har na dangi. Wata Baturiya ce mai jan gashi a bakin teku, da wata baƙar mace a gefenta, suna duba rubutun da aka kwafo daga jikin wani ƙaton ƙarfe da ke binne cikin yashi. Sai baƙar macen ta ce wannan ai daga Alƙur'ani yake, maganar ranar alƙiyama ce. An ɗora wa bidiyon rubutun Hausa, wai masana sun gano ayoyi a jikin kumbon da ya faɗo a Afirka amma Turawa suna ɓoyewa. A ƙasa kuwa sai Subhanallah, sai Allahu Akbar, sai wanda ya tura wa mutum goma Allah ya biya masa buƙata.

To ku saurara. Wannan bidiyo yanki ne na wasan kwaikwayon talbijin na Amurka mai suna The X-Files, wanda Chris Carter ya ƙirƙira, tashar Fox ta fara nunawa a 1993. Baturiyar da kuke gani sunanta Gillian Anderson, 'yar wasa ce, a fim ɗin ana kiranta Scully. Labarin kumbon ya fara a kashin da ake kira Biogenesis, wanda aka nuna a watan Mayun 1999, ya ci gaba a The Sixth Extinction da kashin da ya biyo shi a watan Nuwamba na shekarar. Bakin tekun da aka ce na Kwaddibuwa ne, a Kalifoniya aka ɗauke shi. Babu kumbo, babu masana, babu abin da aka ɓoye. Fim ne da ya haura shekara 25, ya girmi wasu daga cikin masu tura shi.

Da abin ya tsaya a nan, da dariya kawai zan yi in wuce. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne saƙon da ke cikin labarin, wanda masu kabbara ba su tsaya sun ji ba.

Ga yadda labarin yake. An tsinci guntayen ƙarfe masu rubutu a bakin teku. Wani malamin jami'a baƙar fata ya haɗa guntu biyu, suka manne, suka tashi da kansu suka cake a cikin Baibul, daidai kan farkon littafin inda ake maganar halitta. Ya tafi da su Amurka, aka kashe shi. Rubutun da harshen Navajo yake, wato ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka. Scully ta biyo sawu har Afirka, ta tarar ƙarfen ɓallin wani ƙaton kumbo ne na baƙin halittu, waɗanda yaranmu ke ce wa eliyen. A jikin kumbon akwai bayanin ƙwayoyin halittar ɗan Adam, akwai nassin Baibul, akwai na Alƙur'ani, akwai na addinan maguzawan dauri, duk a jere wuri guda. Sai fara ta yi dafifi, ruwan teku ya tafasa, ya koma jini, mataccen kifi ya farfaɗo. A kashi na uku kuma aka shimfiɗe abokin aikinta Mulder hannuwa a ware, irin yadda Kiristoci ke zana Annabi Isa (AS) a kan gicciye, a matsayin mai ceton duniya.

Yanzu don Allah me wannan labari yake cewa? Cewa yake ɗan Adam aikin hannun eliyen ne. Cewa yake littattafan da ake kira saukakku daga jikin ƙarfen wasu halittu aka kwafo su. Cewa yake mu'ujizozin annabawa fasahar na'ura ce da mutanen da ba su gane ba. Alƙur'ani a fim ɗin nan ɗaya ne cikin tarkacen da aka lissafa, gefe da gefe da tatsuniyoyin masu bautar gumaka. Wato inda mu muka ce Mala'ika Jibrilu, shi marubucin ya sa kumbo. A kan wannan muke kabbara? A kan wannan muke neman ladan turawa mutum goma?

Ranar nan a majalisarmu ta Gidan Dare wani ƙanenmu, mai digiri fa, ya ce mini: "Yaya, to ina laihi? Ai ko ba komi sun ambaci Alƙur'ani, duniya ta ji." Na ce masa Abu Jahil ma ai ya sha ambaton Alƙur'ani. Mushirikan Makka sun ce tatsuniyoyin mutanen farko ne, sun ce wani mutum ne ke koya wa Annabi (SAW). Tuhumar ke nan aka sake wa riga, aka cire "wani mutum" aka sa "wata halitta daga wata duniya". Wanda ya san Sira ko ta aji uku na Islamiyya ya kamata ya gane ta tun daga nesa.

Ba na jin haushin Chris Carter. Shi sana'arsa yake yi, bai taɓa cewa labaru yake karantawa ba, kuma a matsayin fim ya iya jan hankali. Da mu nake. Muna da wata cuta da na sa wa suna "Bature ya tabbatar". Aya ba ta gamsar da mu sai an ce wani farfesa a Jamus ya yarda. Shekara nawa aka yi ana faɗa a kan mumbari cewa Neil Armstrong ya ji kiran salla lokacin da ya sauka a wata a 1969, ya dawo ya musulunta? Maganar ta yi yawo har sai da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwar ƙaryatawa a 1983, shi ma mutumin ya ƙaryata da bakinsa, ya mutu a 2012, amma har gobe akwai mai rantse maka a kai. Haka hoton wani kwari a doron wata da ake cewa hukumar NASA ta tabbatar tsagewar wata ne. NASA ba ta faɗa ba. Mu mun yi imani da mu'ujiza ne saboda nassi, me ya kai mu jingina ta da hoton da gobe ɗan sakandare zai ƙaryata?

Nan haɗarin yake. Yaron da aka gina wa imani a kan Armstrong da kumbon Kwaddibuwa, ranar da ya shiga intanet ya gano ƙarya ce, wallahi ba zai tsaya a kan Armstrong kaɗai ba. Zai fara tambayar sauran abin da malam ya faɗa masa. Da hannunmu muke kunna wa 'ya'yanmu wutar shakka, sannan mu zo muna kuka wai boko ya lalata su.

Akwai kuma wani gefe da ya shafe mu a matsayin baƙar fata, ko Musulmi ko Kirista. Wannan tunani na cewa eliyen ne suka koya wa mutanen da komai ba X-Files ya fara shi ba. Wani ɗan ƙasar Suwizalan, Erich von Däniken, ya baza shi a littafinsa Chariots of the Gods a 1968, sannan tashar History ta mayar da shi shiri mai dogon zango, Ancient Aliens, tun wajen 2010. Ku lura da inda eliyen ɗin nan suka fi son sauka: Masar, Meziko, Peru, Mali. Ka taɓa jin an ce su suka gina majami'ar Saint Peter ta Rum, ko fadar sarakunan Faransa? Abin Bature, Bature ne ya yi da basirarsa. Abin baƙi da ja, sai an nemo masa malami daga sama.

Ku ɗauki Dogon na tsaunukan Bandiagara a Mali. Wasu Faransawa biyu masu nazarin al'adu, Marcel Griaule da Germaine Dieterlen, suka rubuta a 1950 cewa dattawan Dogon sun san tauraron Shi'ira, wanda Turawa ke kira Sirius kuma sunansa ya zo a Suratun Najmi, yana da ƙaramin abokin tafiya da ido ba ya gani, mai kewaya shi cikin shekara 50. Sai wani Ba'amurke, Robert Temple, ya fito da littafi a 1976 ya ce to ai halittu ne daga Shi'ira suka sauko suka koya musu. Alhali Turawa sun hango wannan ƙaramin tauraro da madubin hangen nesa tun 1862, kuma Faransawa sun daɗe suna shiga ƙasar Dogon kafin a rubuta komai. Daga baya wani masani ɗan Holan, Walter van Beek, wanda ya yi shekaru yana zama cikinsu, ya wallafa a 1991 cewa bai samu wannan labari a bakin Dogon ba. Amma wa ya ji shi? Eliyen sun fi daɗin talla. Ainihin ilimin Dogon, na gini a jikin dutse da noman albasa a kan fako, ba mai yi masa fim.

Haka gine-ginen dala na Masar. A 2020 Elon Musk ya rubuta a Twitter cewa eliyen suka gina su, sai ministar Masar Rania Al-Mashat ta gayyace shi ya zo ya ga kaburburan maginan da idonsa. Kaburburan suna nan a Giza, an gano su tun 1990, da wuraren gasa burodin ma'aikata. A 2013 kuma aka tono takardun wani jami'i mai suna Merer a Wadi al-Jarf, inda yake rubuta yadda shi da mutanensa suke dakon farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza. Ma'aikacin gwamnati ne irina, yana cika rajista shekara 4,500 da suka wuce. A Zimbabwe ma sai da Turawan mulkin Rodeshiya suka dage cewa ba baƙar fata ne suka gina tsohon birnin dutse na can ba, duk da Gertrude Caton-Thompson ta tabbatar da aikin 'yan ƙasa ne tun 1929. Jiya an ce baƙi ne daga ƙetaren teku, yau an ce baƙi ne daga sama. Manufar ɗaya ce, kai dai ba za ka iya ba.

Idan muka ci gaba da shan wannan ruwa, wata rana jikokinmu za su tsaya a kufan Surame, birnin Kanta da ke nan jiharmu, su ce kai, wannan ganuwa ta duwatsu ba aikin Kabawa ba ce. Kuma ba sai Bature ya koya mana ba, muna da halin tun asali. Gogaggen dutsen nan da manomi kan tono a gona, wanda kakannin kakanninmu suka wasa da hannunsu suna sara da shi, me muke ce masa? Gatarin aradu. Aikin ɗan Adam ne muka ɗauka muka ba sama.

Na san wani zai ce ai eliyen ɗin aljanu ne, Turawa ne ba su gane ba. Malam, aljanu mun yarda da su don nassi ya zo da su, har sura guda aka saukar da sunansu. Amma wane nassi ne ya ce suna da ƙaton kai da idanu kamar na fara, suna tuƙa kumbo? Wannan siffa masu fim ne suka zana ta. In ka ɗauki zanen Hollywood ka liƙa wa gaibu, ka yi wa addini ƙari ke nan da abin da ba ka da ilimi a kai. Ko akwai masu rai a wata duniya? Allah Ubangijin talikai ne, mulkinsa ya fi ƙarfin lissafinmu, ba wanda ya isa ya iyakance masa halitta. Masana sun ƙidaya duniyoyi sama da 5,000 masu kewaya wasu taurari, amma har yau ba su samu ko ƙwayar cuta mai rai a waje da tamu ba. Iyakar abin da aka sani ke nan. Wanda ya wuce nan, ko da rawani ko da kwat, hasashe yake yi.

Wani kuma zai ce a haramta, a sa Hisba ta hana. A hana me? Fim ɗin 1999 da ke cikin wayar kowane yaro mai datar naira ɗari biyu? Ko an rufe duk shagunan tura fina-finai na garin nan, gobe wani zai yanko wani guntun ya sa masa Hausa. Ƙofar da ɓarawon ya shigo jahilcinmu ne game da sama, kuma ba a toshe ta da sanda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sama ta taɓa aiko mana da baƙo na gaskiya, ba mu ko tambayi sunansa ba. Ranar 3 ga Oktoba 1962, a Zagami cikin jihar Katsina ta yau, wani manomi yana gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Bayan shekaru masana suka auna iskar da ta maƙale a cikinsa, suka ga ta yi daidai da iskar duniyar Mars da kumbon Viking ya auna a 1976. Wato ɓallin duniyar Mars ne ya faɗo a gonar Bahaushe. Duk inda ake nazarin Mars a duniya an san sunan Zagami, an yayyanka shi, guntayensa suna jami'o'i da gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje. Ku gaya mini tsakani da Allah, a cikin masu tura bidiyon kumbo, mutum nawa ne suka taɓa jin sunan?

Kada ku ce wannan tsohon zance ne. A watan Nuwamban 2023 an tsinci wani dutsen Mars a yankin Agadas na Nijar, kusan kilo 25, mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. A watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyok kan dala miliyan 5.3. Sai bayan an buga gwanjo gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka yi ya fita. Maƙwabtanmu ne fa, daga Illela ka tsallaka Ƙonni ka shiga ƙasar. Na gaskiya yana fita a jaka, mu muna kabbara a kan na roba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Kuma a ce Sakkwato! Garin da duk Nijeriya ke kasa kunne ta ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi kafin ta ɗauki azumi ko ta ajiye. Garin da tsofaffin manoma ke lissafin shekara da taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, su gaya maka yau Ɗarfa ta kama, ruwa zai yi kaza. Wannan ba duba ba ne, ba bokanci ba ne, lura ce da hisabi, irin wanda malamanmu suka yi ta rubutawa don sanin lokutan salla da alƙibla da shuka. Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniya a 1999, shekarar da aka nuna fim ɗin nan, ta harba tauraronta na farko daga Rasha a 2003. Amma ka tara 'yan sakandare ka tambayi wanda ya taɓa sa ido a madubin hangen nesa ya ga ramukan wata, ka ga hannu nawa za a ɗaga. Yaron da bai taɓa kallon sama da ilimi ba, duk wanda ya zo masa da labarinta zai saya.

Ni ma'aikaci ne, na san yadda ake rubuta kasafi. Na zauna a tarurrukan bita da kuɗin jaka da lemo da alawus na yini biyu za su sayi ƙananan madubai da dama. Ba maganar rashin kuɗi ba ce. Me zai hana a raba wa manyan makarantun sakandare, ko da ɗaya ga kowace shiyya, malamin kimiyya ya riƙa fito da yara daren sha huɗu ga wata? Me zai hana malaman kimiyya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su zauna da masu duban wata, a buɗe wa jama'a fili duk daren 29, yaro ya ga jinjirin wata da idonsa ya kuma ji lissafin da ya sa ya tsaya a inda ya tsaya? Me zai hana labarin Zagami ya shiga darasi, a nemo ko guntu kamar ƙwayar gyaɗa a ajiye inda ɗan talaka zai je ya gani?

Malamanmu masu wa'azi, Allah ya ƙara muku daraja, ku taimaka ku daina kafa hujja da abin da ba ku tantance ba. Al'ummar da ta ƙirƙiro ilimin isnadi, ta ƙi karɓar hadisi sai ta san wa ya ji daga wa, bai dace a ce ita ce ke karɓar bidiyo marar uwa marar uba ba. Ku kuma 'yan'uwa masu saurin danna turawa, tambaya uku kacal kafin yatsa ya motsa: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In babu amsa, ka bar shi ya mutu a wayarka. Ba a yi wa gaskiya hidima da ƙarya, ko da niyya ta yi kyau.

Mai son kallon X-Files ya kalla a matsayin tatsuniya, in an gama ya ce ƙurunƙus, kamar yadda muke yi wa Gizo da Ƙoƙi. Mu dai ba mu taɓa jin wanda ya kafa hujjar tauhidi da Gizo ba.

Wanda ya ga kuskure a sunaye ko shekarun da na kawo, fili a buɗe yake, ya zo da hujjarsa. Wanda kuma zagi ya kawo, na yafe tun yanzu. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya tsare imanin 'ya'yanmu.

Gidan Dare, Sakkwato.